Tambayoyinku da Amsoshinsu: Kalmomin Aikatau na Turanci da Ke Saɓa wa Ƙa'ida a Lokacin Yanzu

Wasiƙun da suka iso wannan fili daga Kumasi ta ƙasar Ghana a wannan wata sun taru a kan matsala ɗaya, wato yadda ake sarrafa kalmomin aikatau na Turanci idan ana magana a kan abin da ake ciki ko abin da aka saba yi. Na zaɓi biyar daga cikinsu, kuma na fi tsawaita bayani a kan na farko, domin sauran amsoshin a kansu suka dogara.

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni 'yar kasuwa ce, ina sayar da atamfa a Kejetia, gidana kuma yana Aboabo. 'Yata tana ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, kuma bana za ta rubuta jarrabawar BECE. Ta haddace jerin kalmomin nan masu canza kama, irin su “go, went, gone”, tana maimaita su safe da yamma, amma duk da haka littafinta yana dawowa daga makaranta cike da jan biro. Na ga an ja layi a ƙarƙashin “She have two brothers” da “My mother do the cooking” da “They is late”. Malaminta ya ce matsalarta tana lokacin yanzu, ba lokacin da ya wuce ba. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina so in fahimci abin da yake nufi domin in riƙa duba ta da daddare. Daga wata uwa, Aboabo.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba 'yar tamu sa'a, ke kuma ya saka miki da alheri a kan wannan kulawa. Malamin ya faɗi gaskiya, kuma zan fara da yi miki albishir. Jerin da yarinyar ta haddace yana da tsawo, domin kalmomin aikatau da ke saɓa wa ƙa'ida a lokacin da ya shuɗe sun kai wajen 200, amma waɗanda ke saɓa mata a lokacin yanzu huɗu ne kacal, sai wani ɗan rukuni na mataimaka da zan yi bayaninsa a amsa ta gaba. Huɗun nan su ne “be” da “have” da “do” da “say”.

Ita ƙa'idar da suke saɓa wa ba ta da wuya. Idan mai aikin “I” ne, ko “you”, ko “we”, ko “they”, ba a taɓa kalmar aikatau ko kaɗan: “I sell cloth”, “we sell cloth”, “they sell cloth”. Wuri ɗaya ne ake yi mata ƙari, shi ne idan ana magana a kan mutum ɗaya ko abu ɗaya wanda ba shi ne mai magana ba, kuma ba shi ake yi wa maganar ba, wato “he” ko “she” ko “it”, ko wani suna da ɗaya daga cikin waɗannan zai iya maye gurbinsa. A nan sai a liƙa harafin “s” a ƙarshen kalmar, a ce “My mother sells cloth at Kejetia”. Dubban kalmomin aikatau haka suke tafiya, har da waɗanda ke cikin jerin da 'yarki ta haddace, domin “eat” da “write” da “take”, duk da rikiɗar da suke yi a lokacin da ya wuce, a lokacin yanzu “eats” da “writes” da “takes” suke komawa ba tare da gardama ba.

To, ga inda huɗun suka bambanta. Da “have” ta bi ƙa'ida da sai a ce “haves”, amma ba a faɗin haka, “has” ake cewa, don haka jimlar yarinyar ta kamata ta zama “She has two brothers”. Kalmar “do” tana komawa “does”, kuma bauɗewarta a furuci take, domin wasalin yana canzawa, ana furta ta kusa da “daz”, ba “duz” ba. Haka ma “say”: a rubuce “says” ce, ba ta da wani abin mamaki, amma a baki “sez” ce, alhali 'yan'uwanta irin su “pay” da “play” suna riƙe da wasalinsu. Mutane da yawa a garin nan, har da masu ilimi mai zurfi, suna furta ta kamar yadda aka rubuta ta, kuma ɗalibin da zai zauna jarrabawar sauraro ya kamata ya san furucin da za a auna shi da shi.

Ta huɗun, wato “be”, ita ce ta fi kowace bauɗewa, domin siffarta ta asali ba ta fitowa sam a jimlar labari ta lokacin yanzu. Ana cewa “I am”, sannan “he is”, “she is”, “it is”, sannan “you are”, “we are”, “they are”. Ita kaɗai ce a cikin Turanci take da siffa ta musamman domin “I”, kuma idan aka haɗa dukan siffofinta takwas ne: “be, am, is, are, was, were, being, been”. Dalilin wannan tarin siffofi shi ne asalinta ba kalma ɗaya ba ce. Tsofaffin kalmomi daban-daban ne suka haɗu tun da daɗewa suka raba aiki a tsakaninsu, shi ya sa “is” da “be” da “was” ba su da kama da juna ko kaɗan. Ba a gano su da dabara, haddace su ake yi.

Kada ƙarancin adadinsu ya sa a raina su. A ƙididdigar da masu haɗa ƙamus suke yi ta kalmomin da aka fi amfani da su, waɗannan huɗun su ne a sahun gaba cikin dukan kalmomin aikatau na Turanci. Da wuya ɗalibi ya rubuta layi uku bai nemi ɗaya daga cikinsu ba, kuma wannan ne ya sa kuskure guda, idan ya zauna a hannun yaro, yakan cika shafi da jan biro har a zaci kurakuran suna da yawa.

Yana da kyau ki san abin da ya sa wannan ƙaramin harafi yake wahalar da yaranmu, domin kada a ɗora wa yarinyar laifin rashin ƙwaƙwalwa. A Hausa, wanda ya yi aikin da lokacin da aka yi shi duk suna cikin ɗan wakilin sunan da ke gaban aikatau: nakan sayar, yakan sayar, takan sayar, sukan sayar. Kalmar “sayar” tana nan yadda take, ko wane ne mai sayarwar. Aikatau na Hausa yana canzawa, amma gabansa yake kallo, wato abin da aikin ya faɗa wa. Muna cewa na saya, na sayi goro, na saye shi, kuma yaro ɗan shekara biyar ba ya kuskuren waɗannan siffofi uku, ko da yake ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya koya masa. Aikatau na Turanci kuwa baya yake waiwaye, yana duba wanda ya yi aikin. Yarinyar da ta iya na farko za ta iya na biyu, abin da take bukata shi ne ta saba da waiwayen. Sannan ga harshen Twi da take ji a kasuwa da cikin mota, ga kuma Turancin titi inda ake cewa “he dey go” da “they dey go”, kuma a cikinsu babu wanda ke canza aikatau saboda mai aiki. Abu na ƙarshe da ke rikita yara shi ne an koya musu cewa “s” alamar jam'i ce, kamar a “boys” da “books”, sai ga shi a jikin aikatau ta zama alamar tilo: “The boy plays”, amma “The boys play”. Yaron da ya rubuta “they goes” tunani ya yi, sai dai ya ɗauko ƙa'idar suna ya ɗora wa aikatau.

Ga abin da nake ba ki shawara ki riƙa yi bayan sallar isha'i, na minti goma kawai. Ki sa ta ba ki labarin mutum ɗaya da kuka sani, da Turanci, kuma da murya a sarari. A ɗauki mai kokon unguwarku misali: “She wakes up early. She has a big pot. She does not sell on credit. She says good morning to everybody. She is always busy.” Idan ta gama, ki ce mata masu kokon sun zama biyu, ta sake labarin: “They wake, they have, they do, they say, they are.” Ba sai kin iya Turanci sosai ba kafin kunnenki ya kama sautin “s” a zagaye na farko da rashinsa a na biyu. Washegari a ɗauki direban motar haya, jibi a ɗauki limamin masallaci. Na fi yarda da wannan hanya a kan cike gurbi a takarda, domin abin da baki ya saba da shi hannu ba ya mantawa a ɗakin jarrabawa.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina aiki a shagon kayan gyaran mota a Suame, kuma yawancin cinikinmu da masu kawo kaya daga waje ta WhatsApp muke yi, da Turanci. Na san cewa bayan “he” da “it” ana sa “s”, shi ya sa nake rubuta “Does it has a warranty?” da “The engine doesn't starts” da “He can comes tomorrow”. Wani abokin aikina ya ce duk ukun kuskure ne, amma ya kasa gaya mini dalili. Idan ƙa'idar ta ce a sa “s”, me ya sa a nan za a cire? Daga wani matashi, Suame.

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Abokinka ya yi daidai, kai ma kuma ka riƙe rabin ƙa'idar da kyau. Sauran rabin, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci a wannan babi, shi ne alamar nan sau ɗaya take fitowa a jerin kalmomin aikatau, kuma a kan ta farko take sauka. Kuɗin mota ne: idan wanda ke gaba ya biya wa na baya, yaron mota ba ya sake miƙo hannu. A cikin “Does it has”, kalmar “does” ta riga ta ɗauki alamar, don haka wadda ke biye da ita sai ta koma siffarta ta asali. Abin da ya dace shi ne “Does it have a warranty?” da “The engine doesn't start”.

Ka gwada da jimla ɗaya ka juya ta hanya uku, za ka ga alamar tana ƙaura. Idan labari kake bayarwa, “It has a warranty”. Idan tambaya ce, “Does it have a warranty?” Idan korewa ce, “It does not have a warranty”. A ta farko aikatau ɗaya ne, shi ya ɗauki nauyin. A ta biyu da ta uku “do” ta shigo a matsayin mataimakiya, ta tsaya a gaba, nauyin ya koma kanta. Wani lokaci ma “do” takan fito sau biyu a jimla guda, ɗaya mataimakiya, ɗaya mai ma'anar aikatawa, kamar a “What does he do?”, kuma nan ma ta farko ce kaɗai ta canza. Ita “be” ba ta neman wannan taimako, da kanta take tsallakowa gaba ta yi tambaya, ta kuma karɓi “not”: “Is the part original?”, “The part is not original”. Ba a cewa “Does it is”.

Jimlarka ta uku ta taɓo rukunin mataimakan da na ambata a sama, wato “can”, “may”, “must”, “shall”, “will”, da 'yan'uwansu “could”, “might”, “should”, “would”, da kuma “ought”. Bauɗewar waɗannan ita ce ba sa karɓar “s” ko da mai aikin “he” ne, kuma ba sa barin aikatau da ke bayansu ya karɓa. Don haka “He can come tomorrow” ne daidai, ba “He cans come” ba, ba kuma “He can comes” ba. Masana tarihin harshen sun nuna cewa yawancin waɗannan kalmomi asalinsu siffofi ne na lokacin da ya shuɗe waɗanda daga baya suka ɗauki ma'anar yanzu, kuma tun da siffar lokacin da ya shuɗe ba ta ɗaukar wannan ƙari, sai suka taho har yau ba tare da shi ba.

Akwai tarko biyu da mai rubuta saƙon ciniki zai riƙa cin karo da su. Na farko, “have to” da “must” ma'anarsu kusan ɗaya ce, amma ba halinsu ɗaya ba, domin “have to” tana canzawa: “He must pay today”, amma “He has to pay today”, kuma a tambaya “Does he have to pay today?” Na biyu, idan “has” ta zo a matsayin mataimakiya domin nuna aikin da ya riga ya auku amma tasirinsa yana nan, siffa ta uku ce take biyo ta, wato ta ƙarshe a jerin “go, went, gone”. Ana cewa “The price has gone up” da “The container has not come”, ba “has went” ko “has came” ba. Ka kuma lura da gajarcewar da ake yi a saƙonni, domin “he's” tana iya zama “he is” kamar a “He's ready”, tana kuma iya zama “he has” kamar a “He's paid the balance”.

Na san wanda kake ciniki da shi zai gane nufinka ko da ka rubuta “does it has”. Amma wanda bai taɓa ganin fuskarka ko shagonka ba, da rubutunka yake auna ka kafin ya yarda ya ba ka kaya bashi, kuma gyaran nan bai wuce na mako guda ba ga wanda ya sa kansa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malama ce a wata makarantar firamare da ke haɗa Arabiyya da boko a Asawase. Kusan dukan ɗalibaina suna cewa “I am having two sisters”, kuma ina jin manya ma suna faɗin haka, har na fara shakkar ko ni ce na tsananta. Sannan mun yi musu da abokan aikina a kan uku: “The police is” ko “are”, “Everybody has” ko “have”, da “One of my pupils is” ko “are”. Muna neman hukunci. Daga wata malama, Asawase.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ba ki tsananta ba. Tushen “I am having” ga yaran Hausawa a bayyane yake, domin “ina” ɗin da ke cikin “ina tafiya” ita ce a cikin “ina da ƙanne biyu”, kuma yaron da ya koyi cewa “ina tafiya” ita ce “I am going” zai ɗauka “ina da” ma haka za ta tafi. Amma Turanci yana raba aikin da ake cikin yi da halin da ake ciki. Mallaka da sani da so da bukata hali ne, don haka a daidaitaccen Turanci ana cewa “I have two sisters”, “She knows the answer”, “He wants water”, “This bag belongs to me”. Kalmar “having” tana da wurinta idan ma'anar ta bar mallaka ta koma wani aiki, kamar cin abinci ko zaman taro: “They are having lunch”, “We are having a meeting”.

Gaskiya ne wannan salo ya yaɗu a Turancin da ake yi a ƙasar nan, kuma ba na ganin dalilin kunyata wanda ya faɗe shi a hira. Sai dai ke aikinki shi ne shirya yara domin abin da ke jiransu. Hukumar WAEC, wadda aka kafa a 1952 kuma hedkwatarta take Accra, ita ce ke shirya BECE da WASSCE, wato jarrabawar kammala babbar sakandare, kuma da daidaitaccen Turanci take gwada ɗalibai. Wanda bai samu aƙalla sakamakon C6 a Turanci a WASSCE ba, ƙofar karatun digiri takan yi masa wuyar buɗuwa ko da ya yi fice a lissafi. Yaron zango da ya iya Hausa da Twi, ya kuma fara Larabci, bai kamata a bari abu kamar wannan ya tsayar da shi ba, kuma a firamare ne gyaran ya fi sauƙi.

Game da musunku kuwa, abin farin ciki shi ne a dukan ukun Hausa tana tare da amsar da ta dace, kuma ina ba ki shawara ki yi amfani da ita a aji ba tare da jin nauyi ba. Muna cewa 'yan sanda suna zuwa, Turanci ma jam'i ya ɗauke su: “The police are coming”, haka kuma “people are” da “cattle are”. Muna cewa kowa yana da littafi, ba kowa suna da littafi ba, Turanci ma haka: “Everybody has a book”, kuma “everyone” da “nobody” da “each” duk tilo ne. Muna cewa ɗaya daga cikin ɗalibaina ba ya nan, domin maganar a kan ɗayan take, don haka “One of my pupils is absent”. Abin da ke jawo kuskure a wannan ta ƙarshe shi ne kalmar jam'i ce take maƙwabtaka da aikatau, sai ido ya kama ta. Ki koya wa yara su rufe tsakiyar jimlar da yatsa, su karanta “One is absent”, sannan su ɗaga yatsan.

Inda Hausa ba za ta taimaka ba shi ne sunayen da ke ƙarewa da “s” alhali tilo ne, irin su “news” da “mathematics” da “measles”: “The news is good”, “Mathematics is my best subject”. Sunayen ƙungiya kuwa, kamar “team” da “government” da “family”, Turancin Ingila yana yarda da tilo ko jam'i gwargwadon ko ana kallon ƙungiyar a dunƙule ko mutanen cikinta, na Amurka kuma ya fi karkata ga tilo. A matakin firamare tilo ya wadatar.

Tambaya: Malam, ina aji biyu a babbar sakandare. Kalmomi irin su “put” da “cut” da “cost” ba sa canzawa a lokacin da ya wuce. Shin a lokacin yanzu ma haka suke zama? Kuma “goes” da “carries” suna cikin masu saɓa wa ƙa'ida? Daga wani ɗalibi, Tafo.

Amsa: Ɗana, waɗannan kalmomi, tare da “hit”, “let”, “set”, “shut” da “hurt”, a lokacin yanzu suna bin ƙa'ida sak, suna karɓar “s” bayan “he”, “she” da “it”. A gare su ma harafin ya fi nauyi, domin shi kaɗai ne yake raba yau da jiya. “It costs ten cedis” na nufin farashinsa ke nan yanzu, “It cost ten cedis” kuwa na nufin haka aka saye shi a baya. Wanda ya yar da “s” a nan bai yi kuskuren nahawu da za a gane ba, ya faɗi wata magana ce daban da wadda yake nufi. Haka “He reads” da “He read”, inda ta biyun ake furta ta “red”.

Wahalar “costs” da “asks” da “lists” a harshe take. Hausa ba ta tara baƙaƙe a jere a farkon kalma ko ƙarshenta ba tare da wasali ba, shi ya sa muka mayar da kalmomin aro suka zama burodi da buroshi, kuma bakin da ya saba da haka yakan haɗiye baƙin ƙarshe. Ka furta “cost” a hankali har sai ka ji “t”, sannan ka sake sakin iska ta tsakanin haƙora. Abin da ba ka furtawa, shi ne hannunka zai tsallake a rubutu.

“Goes” da “carries” ba bauɗewa ba ce, ƙa'idar rubutu ce. Ana sa “es” bayan kalmar da ta ƙare da “s”, “sh”, “ch”, “x”, “z”, da kuma 'yan kalmomi masu ƙarewa da “o” irin su “go”: “passes”, “washes”, “teaches”, “fixes”, “goes”. Idan kalma ta ƙare da “y” bayan baƙi, sai ta koma “ies”, kamar “carries” da “tries”, amma idan wasali ne kafin “y” sai a bar ta, kamar “plays” da “buys”. Idan kuma ka ci karo da “hath” ko “doth” ko “saith” a darasin adabi, tsofaffin siffofin “has” da “does” da “says” ne. A wajajen shekarar 1600 ana amfani da ƙarin “th” da na “s” kafaɗa da kafaɗa a Landan, kafin na “s”, wanda ya taso daga arewacin Ingila, ya yi rinjaye.

Tambaya: Malam, a bayan motocin haya ina ganin an rubuta “God bless you”. Tun da ana magana a kan ɗaya ne, ba “blesses” ya kamata a rubuta ba? Daga wani dattijo, Sabon Zango.

Amsa: Baba, Allah ya ƙara girma. Masu rubutun ba su yi kuskure ba. Wannan jimla addu'a ce, ba labari ba, kuma Turanci yana barin aikatau a siffarsa ta asali idan ana roƙo ko fata. Bambancin daidai yake da wanda ke tsakanin “Allah ya yi maka albarka” da “Allah yana yi wa masu haƙuri albarka”. Ta farko ita ce “God bless you”, ta biyu kuma “God blesses the patient”. Ana samun wannan siffa a rubutun ofis ma, bayan kalmomin shawara ko umarni, kamar “The committee recommends that he pay the fine” da “It is important that she be present”. A Ingila sau da yawa sukan saka “should” a tsakani, su ce “that he should pay”, kuma duka biyun karɓaɓɓu ne a rubutu.